Ƙubbar Florence: Rufin Da Aka Gina Ba Tare Da Matokara Ba

Shirin na yau ya leƙa birnin Florence na ƙasar Italiya, inda babbar majami'ar Santa Maria del Fiore take tsaye da jar ƙubbarta, wadda ake hangowa tun daga tuddan da suka kewaye birnin.

A shekarar 1296 aka aza harsashin ginin, bisa tsarin Arnolfo di Cambio. Sai dai mutanen Florence sun ɗauko Dala ba gammo. Sun tsara ƙubba mai faɗin kusan mita 45 alhali ba wanda ya san yadda za a rufe ta. A al'adar magina na wancan zamani, sai an kafa ƙatuwar matokara ta katako a ƙarƙashi, a jera tubali a kanta har ya bushe. To ina za a samo itacen da zai cike wannan sarari, can sama da mita 50 daga ƙasa?

A 1418 aka sa gasa, ƙarƙashin kulawar ƙungiyar 'yan kasuwar ulu da ke riƙe da aikin. Wanda ya yi fice shi ne Filippo Brunelleschi, mutumin da asalin sana'arsa ƙirar zinare ce. Ya ce zai gina ta ba matokara. Aiki ya kankama a 1420, aka kammala a 1436, Fafaroma Eugene na Huɗu ya tsarkake majami'ar a watan Maris na wannan shekara.

Mai ziyara da ya shirya hawan matakala 463, domin babu na'urar ɗaga mutane, shi ne zai ga sirrin da idonsa. Ƙubbar biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, kuma matakalar tana ratsa tsakaninsu ne. Hanyar ƙunci gare ta, bango yana karkatowa har sai mutum ya sunkuyar da kai. A jikin bangon ana ganin yadda aka jera tubalin: layi a kwance, sai a tsayar da wasu a tsaye suna hawa a karkace, tsarin ƙashin kifi. Waɗannan na tsayen su ne suke riƙe sabon layi kada ya zame kafin ya bushe. Tubali sama da miliyan 4 aka jera haka, kuma shanu ne suka riƙa juya injin ɗaga kaya da Brunelleschi ya ƙera, mai iya hawa da sauka ba tare da an juya dabbobin ba.

Kafin a kai ƙololuwa, ana bi ta wata baranda a ciki, dab da zanen Ranar Hisabi da Giorgio Vasari ya fara a 1572, Federico Zuccari ya ƙarasa a 1579. Daga ƙasa zanen ado ne kawai, amma daga nan fuskokin shaiɗanun ma sun isa su tsorata yaro.

Brunelleschi ya rasu a 1446, aka binne shi a ƙarƙashin majami'ar, bai ga hasumiyar da ke kan ƙubbar a kammale ba. Ƙwallon tagulla da Verrocchio ya ɗora a samanta a 1471 kuwa, tsawa ta jefo shi ƙasa a 1601. An mayar da shi, kuma a bayan majami'ar akwai farin dutse mai zagaye a daɓen fili da ke nuna inda ya faɗo.