Maki ɗaya tak ya hana su tukuici: abin da ke bayan lambar da ake liƙa wa wasannin bidiyo

A shekarar 2010 wani kamfani mai suna Obsidian da ke jihar Kalifoniya a Amurka ya kammala wasan Fallout: New Vegas. Wasan ya yi kasuwa, har gobe kuma akwai masu sa shi cikin fitattun wasannin zamaninsa. Sai dai a yarjejeniyar da Obsidian ya ƙulla da Bethesda, kamfanin da ya ba shi kwangilar, an rubuta cewa za a ba shi tukuici ne kawai idan wasan ya ci maki 85 a shafin Metacritic. Da aka gama lissafi, wasan ya tsaya a 84. Chris Avellone, ɗaya daga cikin manyan kamfanin a lokacin, shi ya fasa ƙwan a 2012. Maki ɗaya ya raba mutanen da suka sha wahalar aikin da wannan kuɗi.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da rigimar Turawa. Ruwanmu kuwa har tsaki. Tun daga 2020 farashin sabon babban wasa ya kai dala 70, kuma duk wanda ya juya wannan kuɗi zuwa sidi ya san ba abin wasa ba ne. Mai shagon gem a Nima ko Aboabo da ke son sabunta na'urorinsa, da saurayin da ya yi wata uku yana tara kuɗi, da uban da yaro ya isa da naci, kusan duk abu guda suke fara gani idan suka buga sunan wasa a waya: lamba a cikin akwati kore, ko ruwan ɗorawa, ko ja. Da wannan lamba ake yanke shawara. To wa ya haɗa ta, kuma me take aunawa?

Yadda ake dafa lambar

An buɗe Metacritic a 2001. Shafin ba ya buga wasa da kansa. Aikinsa shi ne ya tattaro makin da jaridu da mujallu da shafukan intanet suka ba wasa, ya mayar da kowane zuwa ma'aunin ɗari, sannan ya fitar da matsakaici. Wata jarida tauraro biyar take amfani da shi, wata goma, wata kuma harafi irin na jarrabawar makaranta, duk sai a narkar da su su zama lamba ɗaya. Ba a fitar wa wasa maki sai an samu sharhi aƙalla huɗu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ba duka jaridun ne bakinsu ɗaya ba. Metacritic na ba wasu nauyi fiye da wasu, kuma bai taɓa bayyana wa ya fi wa nauyi ba. Wannan ɓoye-ɓoye na cikin abin da ya sa aka kafa OpenCritic a 2015, wanda ke ɗaukar kowane sharhi daidai wa daida.

Akwai kuma batun launi. A ɓangaren fina-finai, fim ɗin da ya ci 61 ya shiga kore. A ɓangaren wasanni sai an kai 75. Dalili shi ne masu sharhin wasanni sun saba da hannu sake: mafi yawan manyan wasanni tsakanin bakwai da goma cikin goma suke faɗawa. Don haka idan ka ga 70 a kan wasan da aka kashe wa miliyoyin daloli, kada ka ɗauka an yaba masa sosai. A yaren wannan kasuwa, 70 na nufin “ba laifi, amma da sauransa”.

Japan na da nata salon. Mujallar Famitsu tana ba mutum huɗu wasa, kowa ya ba da maki cikin goma, a haɗa ya zama cikin 40. Wasan farko da ya cinye 40 ɗin cif shi ne The Legend of Zelda: Ocarina of Time a 1998, kuma shi ne ke riƙe da kambun Metacritic da maki 99. Wasu jaridun kuwa sun gaji da lambar gaba ɗaya. Eurogamer ta Birtaniya ta daina ba da maki a 2015, ko da yake ta dawo da tauraro biyar a 2023. Wato su kansu masu sana'ar ba su gama yarda da ma'auninsu ba.

Wanda ya ci ladan kuturu

Jaridun wasanni da talla suke rayuwa, kuma masu ba su tallar su ne kamfanonin da ake yi wa sharhi. A watan Nuwamba na 2007 shafin GameSpot ya sallami editansa Jeff Gerstmann, jim kaɗan bayan ya ba wasan Kane & Lynch: Dead Men maki shida cikin goma, a daidai lokacin da tallar wasan ta lulluɓe shafin. Sai a 2012 ya samu damar yin bayani a fili, inda ya tabbatar cewa matsin lambar masu talla na cikin abin da ya ci kujerarsa. Ba a ce kowane mai sharhi sayayye ne ba, da yawansu suna aikinsu tsakani da Allah. Amma labarin ya nuna irin igiyar da suke tafiya a kai.

Hanya ta biyu da kamfani ke juya akalar sharhi ta fi wannan laushi. Shi ke raba wasan ga 'yan jarida kafin ya fito, shi ke sa ranar da za a iya wallafa sharhi, shi ke zaɓar na'urar da za a gwada shi a kai. Babu misalin da ya fi Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt da ke ƙasar Folan. Kafin fitowarsa ranar 10 ga Disamba, 2020, mutum miliyan takwas sun riga sun biya kuɗinsa. Masu sharhi na kwamfuta kawai aka ba su, kuma aka hana su nuna hoton bidiyon da suka ɗauka da kansu kafin ranar fitowa. Makin farko ya haura 90. Da masu PlayStation 4 da Xbox One suka kunna nasu, sai ga wasa yana sandarewa, yana mutuwa, mutane da motoci suna ɓacewa a kan titi. Daga baya na PS4 ya ƙare da maki 57. Mako guda da fitowarsa Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet tare da mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai watan Yunin 2021.

Wannan darasi namu ne kai tsaye. A unguwanninmu PS4 ce har yanzu ke cike da shagunan gem da ɗakunan samari, yayin da mai sharhi a Landan ko San Faransisko yake gwaji a kan sabuwar na'ura. Biyan kuɗin wasa tun bai fito ba, a kan makin wata na'urar da ba taka ba, cinikin biri a sama ne.

Idan 'yan wasa suka fusata

Gefen makin ƙwararru akwai na gama-gari, wanda kowa zai iya shiga ya danna. Sai mutum ya ce ai shi ke nan, muryar jama'a ta fi gaskiya. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma taron dangi ne.

A watan Yunin 2020 aka saki The Last of Us Part II. Ƙwararru suka ba shi sama da 90. Cikin 'yan sa'o'i dubban mutane suka yi masa ruwan sifili, makin gama-gari ya faɗo ƙasa da huɗu cikin goma, alhali wasan na cin sa'a ashirin da wani abu kafin a kai ƙarshensa. Lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa da yawan masu zaɓen ba su buga shi ba, haushin labarin da suka ji ne ya kawo su. Bayan wannan ne Metacritic ya sa dokar jira na sa'a 36 kafin jama'a su fara ba sabon wasa maki. A shafin kuwa har yanzu ba a tambayar mutum shaidar saye. Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta, ta ɗan fi tsauri: sai wanda ke da wasan zai yi sharhi, kuma ana nuna sa'o'in da ya yi yana bugawa.

Amma akwai ranar da jama'a da ƙwararru suka yi baki ɗaya, kuma masoya ƙwallo ba za su manta da ita ba. A ƙarshen Satumban 2021 Konami ya maye gurbin PES, wanda samari da yawa suka tashi da shi, da eFootball 2022. Fuskokin 'yan wasa sun fito a murɗe, 'yan kallo kamar an yanko su daga kwali. A Steam waɗanda suka yaba ba su kai kashi goma cikin ɗari ba, a Metacritic kuma ya zama wasa mafi ƙarancin maki na shekarar, da 25. Konami ya fito ya ba da haƙuri. Abokin hamayyarsa ma bai tsira ba: a 2020 wani mai sharhi na IGN ya ga cewa FIFA 21 na Nintendo Switch bai bambanta da na bara ba sai sunayen 'yan wasa da riguna, shi ma sai ya kwafo sharhinsa na bara ya liƙa, ya ba shi biyu cikin goma.

Abin da ma'aunin ba ya ɗauka

Ko da an ce makin gaskiya ne tsantsa, amsar tambayar wani yake bayarwa. Mai sharhi yana da intanet da ba ya yankewa da wutar da ba a ɗaukewa. Ba ya lissafin cewa wasu wasannin sun haura gigabait ɗari, ko cewa faifan da ka saya zai nemi ka sauke gyara mai nauyi kafin ya tashi. Gran Turismo 7 ya ci 87 a watan Maris na 2022, amma yawancin sassansa sai da intanet. Makonni biyu da fitowarsa na'urorin kamfanin suka tsaya sama da sa'a 30, waɗanda suka biya cikakken kuɗi suka zauna suna kallon allo. Wanda netiwok ɗinsa ke zuwa yana tafiya, wannan matsala kullum zai riƙa cin karo da ita.

Sai maganar kuɗin da ake tatsa bayan saye. A 2019 Crash Team Racing Nitro-Fueled ya fito ba tare da sayen kaya da kuɗin gaske ba, aka yi masa sharhi, aka ba shi maki mai kyau, bayan makonni aka shigo da tsarin. Makin kuwa yana nan yadda yake. A FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, sashen Ultimate Team na sayar da fakitin 'yan wasa da ba ka san wa ke ciki ba sai ka biya. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan sa'a caca ne, kuma a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan a ƙasar. Uban da ke ganin ƙwallo ce kawai yaro ke bugawa, ya kamata ya san da wannan kafin a fara roƙonsa kuɗin MoMo.

Iyaye su kuma bambance lambobi biyu. Makin sharhi daɗin wasa yake aunawa. Lambar da ke jikin kwali, wato 3, 7, 12, 16 ko 18 ta PEGI a Turai, ko haruffan ESRB na Amurka irin su E da T da M, ita ke faɗin shekarun da suka dace. Grand Theft Auto V na da maki 97, kuma na 'yan 18 ne zuwa sama. A bayan kwalin akwai ƙananan alamomi da ke nuna ko akwai zubar da jini, ashar, tsiraici, ƙwaya ko caca. Minti ɗaya ya isa a duba su.

Haka nan abin da ya shafi addini ba kasafai yake shiga lissafin masu sharhi ba. A 2008 Sony ya janye LittleBigPlanet tare da ɗage fitowarsa bayan an gano ayoyin Alƙur'ani cikin wata waƙa da ke ciki. A 2021 masu Call of Duty: Vanguard sun ba da haƙuri tare da cire shafukan Alƙur'ani da aka watsa a ƙasa a wani fagen wasan. A duka biyun, 'yan wasa Musulmi ne suka lura suka yi magana.

To, yaya za a yi?

Ba a ce a yi watsi da maki ba. Wasan da ya faɗa ja a wurin jaridu talatin, da wuya ya zama zinariya a hannunka. Abin da ake so shi ne a san iyakarsa. Ka duba makin na'urarka, domin kowace na da nata shafin. Ka karanta sharhi biyu ko uku har ƙarshe, musamman na wanda ya ba da maki mafi ƙanƙanta, don shi ne zai faɗa maka aibin da sauran suka tsallake. Ka duba ranar da aka rubuta shi, tunda wasa na canzawa: Cyberpunk ɗin da aka yi wa tofin Allah tsine a 2020 ya gyaru sosai bayan shekara uku, wasu kuma lalacewa suke yi. Ka nemi bidiyon wani da ke buga shi a irin na'urarka, gani ya kori ji. Mai saye a Steam ya tuna cewa ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin bai buga fiye da sa'a biyu ba.

Mafi sauƙi duka shi ne haƙuri. Wasan da ya fito yau yana nan bayan wata shida, an toshe ramukansa, farashinsa ya sauko, kuma waɗanda suka yi gaggawar saye sun riga sun faɗi gaskiyar abin da suka tarar. Kafin nan, sidi kaɗan a shagon gem na unguwa zai ba ka rabin sa'a da abin a hannunka, ka yanke hukunci da kanka.