Biskit ɗin gyada na karnuka: Abincin wani, gubar wani

Idan muka ce muku akwai ƙasar da yaro zai taso daga makaranta, ya ajiye jaka, ya shiga kicin ya kwaɓa garin alkama da ƙwai da markaɗaɗɗiyar gyada, ya gasa biskit, sannan ya kira karen gidansu ya ba shi, mun san wasunku dariya za su yi. Wasu kuma su ce, "Mu da muke neman na karin kumallo, wa yake ta kare?" Da gaskiyarku. Amma abin yana faruwa kullum a Amurka da Kanada da Ingila, inda mutane da yawa ke riƙon kare kamar ɗan gida.

Mun kawo muku labarin a wannan makon ne saboda a cikin wannan ɗan biskit akwai darasin Bayoloji da Kemistiri da Lissafi. Kuskure ƙarami wajen haɗa shi yana iya kashe dabbar da aka yi niyyar faranta wa rai. Wani ɓangare na darasin ma ya shafi gyadar da mu da ku muke ci kullum.

Daga ina abin ya samo asali?

Wajen shekarar 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt, wanda ke zaune a Ingila, ya fara yin biskit na musamman domin karnuka yana sayarwa. Ana ba da labarin cewa ya ga karnuka a tashar jiragen ruwa suna wawason busasshen biskit da ma'aikatan jirgi suka zubar, sai dabarar ta faɗo masa. A 1908 wani kamfani a birnin New York ya fara nasa, wanda daga baya aka sa wa suna Milk-Bone, mai siffar ƙashi. Shi ya sa har gobe yawancin biskit ɗin karnuka da siffar ƙashi ake yanka su.

Ita kuma markaɗaɗɗiyar gyada ta kwalba, wadda Turawa ke shafawa a burodi, a 1884 wani mutumin birnin Montreal na Kanada, Marcellus Gilmore Edson, ya yi wa hanyar sarrafa ta rajista. Ba baƙuwa ba ce a wurinku. Ita ce gyadar da aka soya aka kai inji aka markaɗa, kafin iyayenmu mata su matse mai su bar tunkuzar da ake yin ƙuli-ƙuli da ita. Bambancin kawai, Turawa ba sa matse man. A dokar Amurka, dole kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar ya zama gyada kafin a kira ta da wannan suna. Ku riƙe wannan lissafi, domin ragowar kashi 10 ɗin nan ne inda matsala take ɓuya.

To me ya sa mutane ke wahalar gasawa a gida alhali kantuna cike suke da shi? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsoro. A watan Maris na 2007 aka fara janye abincin karnuka da kyanwoyi masu tarin yawa daga kasuwannin Amurka da Kanada, daga baya kuma aka gano sinadarin melamin, wanda ake yin robobi da shi, a cikin wani kayan haɗi da aka shigo da shi daga Sin. Dabbobi da yawa sun mutu saboda ƙodarsu ta lalace. Daga nan masu karnuka da dama suka ce gara su riƙa sanin abin da ke shiga bakin dabbarsu.

Yadda ake haɗa shi

Haɗin ba shi da wuya, kuma duk kayan akwai su a kasuwanninmu. Ana buƙatar garin alkama kofi 2, markaɗaɗɗiyar gyada rabin kofi, ƙwai 2, da dafaffiyar kabewa da aka dama kamar rabin kofi. Ba a sa gishiri, ba a sa sukari, ba a sa yaji ko dunƙulen ɗanɗano.

Za a fasa ƙwan a kwano, a zuba gyadar da kabewar a juya su haɗe. Sai a riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan ana murzawa har kwaɓin ya yi tauri kamar na cincin. Idan ya bushe da yawa sai a ɗiga ruwa. A barbaɗa gari a kan tebur mai tsabta, a murza kwaɓin da kwalba har kaurinsa ya kai kamar rabin santimita, sannan a yayyanka da wuƙa ko da bakin ƙaramin kofi. A jera a tire a sa a obin mai zafin digiri 180 a ma'aunin Salshiyos, na tsawon minti 20 zuwa 25, har ya yi ja-ja ya bushe. Inda babu obin, dabarar da ake gasa kek da ita, wato tukunya da yashi a ƙasa da murfi a sama, tana yin aikin.

Sai ya huce sarai ake rufe shi a mazubi. Tunda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, bai kamata ya wuce kamar mako guda a waje ba, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu ya fi saurin ɓaci. Da an ga alamar funfuna, sai a zubar da shi duka.

Me ya sa kare ke haukar son sa? Hancin kare ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma soyayyiyar gyada tana da ƙamshi da maiƙo. Sannan kare yana jin zaƙi a harshensa, saɓanin kyanwa da ba ta jin ɗanɗanon zaƙi. Shi ya sa masu horar da karnuka ke amfani da irin wannan ɗan abin taɓawa a matsayin lada: kare ya bi umarni, a ba shi guda ɗaya nan take, har ya haɗa umarnin da ladan a ƙwaƙwalwarsa. Wasu kuma a cikin gyadar suke ɓoye ƙwayar maganin da likita ya rubuta wa karen.

Zaƙin da ke kisa

Yanzu mu koma kan ragowar kashi 10 ɗin nan. Wasu kamfanoni, don su jawo masu gudun sukari, suna zuba wani sinadari mai zaƙi da ake kira zailitol, wanda a jikin kwalba ake rubuta shi Xylitol. Ana samunsa kuma a cingam marar sukari da man goge baki da wasu alawoyi. Mutum yana cin sa ba tare da sukarin jininsa ya faɗi ba. A jikin kare kuwa labari ya sha bamban.

Ku tuna darasin Bayoloji. Akwai gaɓar da ake kira pankiriyas, wadda ke fitar da sinadarin insulin don rage sukari a jini bayan an ci abinci. Idan kare ya ci zailitol, pankiriyas ɗinsa yakan ɗauka sukari ne na gaske ya shigo, sai ya saki insulin mai yawa a lokaci guda. Insulin ɗin ya kwashe sukarin da ke jinin, alhali ba wani sabo da ya shigo. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin cewa wannan na iya faruwa cikin minti 10 zuwa 60. Kare zai fara amai, jikinsa ya mutu, ya riƙa tangaɗi, ya yi jijjiga, ya suma. Idan ya ci da yawa hantarsa na iya lalacewa.

Ga ɗan lissafi. Likitocin dabbobi sun nuna cewa giram 0.1 na zailitol a kan kowane kilo ɗaya na nauyin kare ya isa ya faɗar da sukarin jininsa. Ke nan kare mai kilo 10, giram 1 kacal ya ishe shi shiga haɗari. Giram ɗaya kusan rubu'in ƙaramin cokalin shayi ne kawai.

Ba zailitol kaɗai ba ne. Cakulan yana ɗauke da sinadarin tiyoburomin, wanda jikin kare ke daɗewa bai fitar da shi ba, sai ya taru ya dagula bugun zuciyarsa. Goro ma yana da wannan sinadari tare da kafeyin, don haka shi ma ba na kare ba ne. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Inabi da zabibi kuwa suna iya kashe masa ƙoda. Duk waɗannan abinci ne a wurinmu. Wannan ita ce hikimar maganar nan ta abincin wani gubar wani, kuma a nan kimiyya ce ta tabbatar da ita.

Ko gyadar da ba a gauraya da komai ba tana da iyaka. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce, kayan taɓawa kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abincin kare na yini. Kare mai kilo 10 yana buƙatar kusan kalori 600 a rana, kashi 10 ɗinsa 60 ke nan. Babban cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyada kuwa ya haura kalori 90. Kun ga cokali guda ma ya zarce. Yawan maiƙo yana sa kare ƙiba, yana kuma iya kumbura masa pankiriyas, ciwo ne mai zafi da kan kai ga mutuwa.

Inda darasin ya shafe mu

Akwai guba guda da ba ta ware kare da mutum. Idan gyada ko masara ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, wata irin funfuna takan tsiro a jikinta ta samar da gubar da ake kira afulatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da garin gyadar da aka shigo da shi daga Brazil. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 ma FDA ta sanar da janye wani abincin dabbobi na kanti saboda wannan guba, bayan ta samu rahoton mutuwar dabbobin gida fiye da 100.

Abin tsoro game da afulatoksin shi ne, suya da gashi irin na gida ba sa kawar da ita. Hanta take kai wa hari. A jikin mutum, cin ta na tsawon lokaci yana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta. Mu kuwa mutanen gyada ne. Kano ta yi suna a duniya da dalar gyada, kuma har yau daga kunun gyada zuwa miyar taushe zuwa ƙuli-ƙuli, da wuya a wuni ba ta shiga bakinmu ba. Saboda girman matsalar ne cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda manoma ke watsawa a gona don rage wannan guba.

Sau da yawa idan ana tsince gyada, ruɓaɓɓiya da mai ɗaci da wadda ta yi baƙi akan watsa wa kaji ko a zuba wa dabbobi. Wannan kuskure ne. Abin da ya ɓaci da funfuna bai dace da mutum ba, bai dace da dabba ba.

Karnukanmu fa?

A ƙasar Hausa ba a saba kwana da kare a ɗaki ba, amma muna da karnuka: na mafarauta, na makiyaya, na gadin gida da gona. Malamai sun bayyana cewa Musulunci ya yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma kun san labarin da ya zo a hadisi na mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duk wanda ya ajiye dabba, haƙƙin ci da shanta yana wuyansa.

Ba lallai sai kun gasa wa karen gidanku biskit ba. Amma yanzu kun san cewa ragowar miya mai albasa da yaji, ko guntun cakulan, ko cingam da aka tofar a tsakar gida, na iya cutar da shi. A ware masa kwanonsa daban, a ba shi ruwa mai tsabta, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Idan ya ci wani abu daga cikin waɗanda muka lissafa, a garzaya da shi wurin likitan dabbobi tare da kwalin abin da ya ci, kada a tsaya jiran alamu. Sannan a tabbatar an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a wuce asibiti nan take.

Aikin wannan mako

Ku ɗauki abubuwa uku a gida ko a shagon unguwa, kamar cingam da man goge baki da biskit. Ku juya bayan kwalin ku karanta jerin kayan da aka haɗa, ku rubuta su a littafi. A wanne kuka ga Xylitol? Wanne ne yake da lambar rajistar NAFDAC da ranar daina amfani? Sannan ku auna wannan: idan karen wani mafarauci yana da kilo 18, giram nawa na zailitol zai jefa shi cikin haɗari? Ku kai amsar wurin malaminku na Bayoloji ko na Kimiyyar Noma ranar Litinin.

Idan kuma aka sa ku tsince gyada a gida, ku yi a tsanake. Duk wadda ta canza launi, ko ta motse, ko take warin funfuna, ku ware ta gefe a binne ta inda kaza ko kare ba za su tono ba.