Kafin a yi wa kwamfuta fomatin don ta ƙi kama Wi-Fi

Ɗalibin da ya fito daga Rawayau ko Kurfi yana karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ya san darajar intanet. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Kurfi da Dutsin-Ma, sai da jama'a suka riƙa shiga mota zuwa Katsina don buga waya kawai. Layi ya dawo, amma akwai wata ƙaramar katsewa da ke aukuwa kullum a ɗakunan ɗalibai: waya tana raba data, kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ta ƙi shiga, ga rajista na gab da rufewa.

Da yawa kan garzaya wurin mai gyara, shi kuma wani lokaci maganinsa ɗaya ne: fomatin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin kundin kammala karatun da aka shafe watanni ana rubutawa yakan tafi tare da matsalar. Alhali sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, saɓani ne kawai tsakaninta da abin da ke raba intanet ɗin.

A fara da kalmar sirri. Tana bambanta babban harafi da ƙarami, kuma kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai suna da nasu tarkon. A ta Faransa, A da Q sun yi musayar gurbi. A ta Jamus, Y da Z ne. Idan manhajar na bin tsarin Ingilishi, abin da aka danna daban, abin da ya shiga daban. A buɗe alamar ido a ga abin da aka rubuta. In kuwa an taɓa sauya kalmar, kwamfutar za ta nace da tsohuwar, sai an umarce ta ta manta da layin, a shigar da sabuwar.

Na biyu, nau'in makullin. Tsarin tsaro na WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018. Sababbin wayoyi kan kulle da na baya-bayan nan, tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 kuwa ba ta san shi ba. A shiga saitin raba data na wayar a zaɓi WPA2. A nan kuma ake zaɓen zango: idan sunan layin bai ma bayyana ba, wataƙila wayar na watsawa a gigahaz 5, alhali kwamfutar 2.4 kaɗai take ji.

Na uku, agogo. A cikin kwamfuta akwai ɗan batiri mai kamar kwabo da ke riƙe kwanan wata. Idan ya mutu, sai ta koma wata shekara can baya, ta ga takardun shaidar tsaro ba su dace da kwananta ba. Layin da ke neman suna da kalmar sirri, irin na makarantu, zai ƙi ta, shafuka ma su ƙi buɗewa. Gyara kwanan wata bai kai minti biyu ba.

In duk an yi wannan ba a dace ba, a gwada da wayar wani. Idan ta kama, laifin na wayar farko ne. Idan ta ƙi, a haɗa waya da kwamfuta da igiyar USB, a sabunta manhajar da ke sarrafa Wi-Fi.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne cire makullin baki ɗaya don a huta. Wanda ya bar layinsa a buɗe ya bar rumbunsa ba ƙofa: maƙwabta za su cinye datar, mugu kuma na iya leƙen abin da ke wucewa.

Ya kamata cibiyoyin kwamfuta na makarantunmu su koya wa sababbin ɗalibai waɗannan matakai tun makon farko. Masu gyara kuma su ji tsoron Allah, su kwashe wa mutum aikinsa kafin su goge komai. Shi ma ɗalibi ya ajiye kwafin kundinsa a filashi tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya.