Ƙaiƙayin kai bayan kitson gashin doki: abin da ya sami ƙanwata a Agege

Sana'ar gidanmu shanu ce, a abbatuwar Oko-Oba da ke Agege nake taya Baba, don haka kitso ba fannina ba ne. Abin da ya sami ƙanwata mai shekara 15 ne ya sa na shiga bin diddigin maganar, har na ga ya kamata in rubuta, domin gidajenmu da yawa a nan Kudu suna fama da irinsa, ana ta shafa mai ba a san me ake magani ba.

Bikin 'yar ƙanwar Mama aka yi, 'yan matan suka haɗa baki aka yi musu kitso iri ɗaya da gashin doki, wanda a shago ake cewa atach. Awa shida ta yi a zaune. A daren ta kasa ɗora kai a filo, washegari ta ce min, "Yaya, kaina kamar an zuba barkono." Mama ta ce sabon kitso ne, zai saki. Kwana huɗu bayan nan ƙuraje sun jeru a gaban goshi da ƙeya, wasu har da ruwa.

Na san malamai sun yi magana a kan ƙarin gashi, kuma mafi yawansu hani suke yi. Wannan fagensu ne. Amma duk wanda ke zaune a Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan ya san 'yan matanmu suna yi, musamman na makaranta da ke cuɗanya da Yarabawa da Inyamurai, hijabi ya rufe shi ke nan.

Abin da na gane shi ne ƙaiƙayin nan iri-iri ne, kuma lokacin da ya fara shi ke nuna tushensa.

Idan tun a hannun makitsiya zafin ya fara, fatar goshi ta ɗame, gira ta ɗaga, kai na sarawa, to ja ne. Kowane silin gashi yana da rami a fata inda saiwarsa take. In aka kama gashi kaɗan aka rataya masa doguwar jela har gadon baya, nauyin duk a kan saiwar yake. Ramin ya kumbura, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, sai ƙananan ƙuraje masu farin baki. Mu a kara mun san wannan: igiya in ta matse wuyan sa kwana biyu a mota daga Arewa, wurin sai ya saɓule, wani lokaci gashi ba ya sake fitowa. Haka fatar mutum. Da farko gashin gaban goshi yana dawowa in aka huta, amma in aka shekara ana maimaitawa saiwar takan mutu, wurin ya yi sulɓi, kuma babu man da zai tsiro da shi. Matan da kuke gani goshinsu ya ja baya tun suna da ƙuruciya, sau da yawa daga nan ne.

Idan kuwa kitson bai matse ba, amma bayan kwana ɗaya ko biyu ƙaiƙayi ya taso har wuya, bayan kunne da kafaɗa, duk inda gashin ya taɓa, to jiki ne bai karɓi gashin ba. Sunansa kawai gashin doki, amma roba ce aka ja ta zama zare, aka rina, aka shafe ta da sinadarai don sheƙi da hana kama wuta. Wata fatar ba ruwanta, wata kuwa nan take za ta yi ja. A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada iri 10 na wannan gashi da ake sayarwa a can, ta samu sinadaran da ake dangantawa da cutar daji a dukkansu, da dalma a guda 9. Ƙona bakin kitso da ashana ko kyandir ma hayaƙin roba ne ake shaƙa. Wasu makitsa kan jiƙa gashin a ruwan ɗumi da ɗan ruwan khal kamar minti 20, su ɗauraye, su shanya kafin a kitsa. Za ka ga wani fari-fari ya taso a saman ruwan, kuma mata da yawa sun ce ƙaiƙayin na raguwa. Wanki ne dai na sama, bai mayar da roba wani abu daban ba.

Sai wanda ke zuwa a makare, bayan sati biyu ko uku. Wannan laimar Legas ce da gumi. A Kano a wanke kai, kafin la'asar ya bushe. A nan, cikin damina, kitso mai kauri a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi zai iya kwana da danshi, ga mai an lafta, ga tsoron wankewa kar kuɗi su tafi a banza. Amosani ya samu gida.

Akwai kuma wanda bai da alaƙa da gashin dokin, amma a gidajen 'yan kara ya kamata a lura: makero. Maruƙa na ɗauke da shi, wannan tabon mai zagaye fari-fari a fuska da wuya, kuma yana kama mutum. In aka ga gashi ya karye a da'ira, wurin na ɓarewa, to a je asibiti, domin makeron kai sai da maganin sha na makonni. Man nan na kemis da ake cewa yana maganin komai yakan kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki ne, ciwon kuma ya ƙara bazuwa a ƙasa. A kuma daina haɗa mataji da tsinken kitso.

Na ƙanwata ja ne da rashin karɓar gashin a haɗe. Rigimar da aka sha a gida ita ce ta tsifa. Mama na lissafin kuɗin da aka kashe, ita kuma tana kuka wai ƙawayenta za su yi mata dariya. Baba ne ya raba gardama, ya ce a tsefe a daren. A asibiti likita ta ba da maganin ƙurajen, ta ce kitson da ya hana barci ya riga ya yi yawa, a sassauta shi a ranar. Ta ce kar a wuce sati 6 zuwa 8 da shi, a bar gashin gaban goshi ba a kama ba, kuma in an ga mugunya, zazzaɓi, kumburin fuska ko kaluluwa a wuya, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Yanzu wata uku ke nan. Ƙurajen sun warke cikin kwana goma, tana yin shuku da gashinta a wurin wata 'yar Katsina a layinmu, da ɗan man kaɗanya. Gefen dama ya cike. Na hagu, wajen kunne, akwai wuri kamar faɗin babban yatsa da har yau muke dubawa.