Na'urar Lissafi da Sirrin Naɗin Furotin

Bayan haka, a sani cewa ayyukan jikin kowane mai rai suna gudana ne ta waɗansu ƙananan abubuwa da ake kira furotin. Kowane ɗaya misalinsa kamar zare ne da aka shirya wa tsakiya, ita kuwa tsakiyar iri 20 ce. Zaren nan yakan naɗe ya ɗauki wata siffa, da ita yake aikinsa. In siffa ta ɓaci, aiki ya ɓaci.

Amosanin jini, wanda ke wahal da yara da yawa a Nijeriya da Nijar, hujja ne a kan haka. A 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya tabbatar cewa tsakiya ɗaya tak ce ta sāke a furotin mai ɗaukar iska cikin jini, kamar yadda ɗigo ɗaya ke raba dal da zal.

Amma sanin naɗin kansa aiki ne ja. Max Perutz ya fara binciken siffar wannan furotin a 1937, bai gano ta ba sai 1959.

Daga bisani masana suka ɗora wa na'urar lissafi, watau kwamfuta, wannan kaya. Hanyarta ta yi kama da muƙabalar littattafai. Takan jera furotin iri guda daga halittu masu yawa, ta duba inda suka dace da inda suka saɓa. In wurare biyu suna sākewa tare, alama ce maƙwabta ne cikin naɗin. Sa'an nan ta haɗa da abin da ta koya daga siffofin da aka riga aka auna.

A 2020 AlphaFold, na kamfanin DeepMind a Landan, ya fi kowa a gasar ƙiyasin siffofi. A 2022 aka bayyana ƙiyasin siffa fiye da miliyan 200, kyauta ga masu neman magani. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka sami rabin lambar Nobel ta kimiyyar haɗa sinadarai saboda shi.

Sai dai ƙiyasi daban, gani da ido daban. Attajiri ba ya dogara da littafin lissafi kaɗai, sai ya shiga rumbu ya ƙirga kaya. Haka masana ke jarraba abin da na'ura ta faɗa kafin a ɗora magani a kansa.

Tamat.