Kunkurun da Ya Koya wa Yara Shirya Manhaja

Kwamfuta ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da aka ce mata shi take yi, babu ƙari babu ragi, kuma waƙafi ɗaya idan ya ɓace a cikin umarni sai ta turje. Nan ne gwiwar yawancin masu fara koyon shirya manhaja take sanyi: tun ba su fahimci tsarin tunanin ba, ƙa'idojin rubutu sun gajiyar da su.

Wannan matsala ce Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, ya tunkara a Amurka. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen Logo domin yara. Daga baya suka haɗa shi da wata 'yar na'ura mai tayoyi da alƙalami a cikinta, wadda suka raɗa wa suna kunkuru. Yaro ya ce mata ta yi gaba taku 100, ta juya dama digiri 90. Ya faɗi haka sau huɗu, sai ga murabba'i a kan takarda. Ba a daɗewa zai gaji da nanatawa, ya tambaya ko babu hanya mafi sauƙi. Akwai: "maimaita sau 4". Ya koyi ɗaya daga cikin ginshiƙan fannin ke nan, kuma shi ya nema da bakinsa.

Amfanin wasa a nan ya wuce nishaɗi. Idan yaro ya rubuta 80 maimakon 90, zanen zai fito a karkace a gaban idonsa. Babu jan biro, babu tsawar malami. Zai koma ya bi umarninsa layi-layi har ya gano inda ya kauce, wanda kuwa shi ne rabin aikin ƙwararru.

A 2007 rukunin Mitchel Resnick na jami'ar MIT ya fito da Scratch, kyauta, musamman don 'yan shekara 8 zuwa 16. A nan ba a rubuta umarni da hannu. Tubala ne masu launi ake jawowa a jona, kuma wanda bai dace da gurbi ba ba zai shiga ba, don haka rigimar waƙafi ta kau. Mai koyo yana sa wata kyanwa ta yi tafiya, ta yi tsalle idan an danna maɓalli, ta ƙirga maki. Daga nan yake sanin sharaɗi, wato "idan kaza ya faru, yi kaza". A 2013 ƙungiyar Code.org ta yaɗa irin wannan salo a makarantun duniya da shirinta na awa guda, Hour of Code.

Sai dai a yi hattara. Wasu wasannin tarin taurari da lambobin yabo ne kawai. Yaro ya haye mataki hamsin ta hanyar cinke, a ba shi allo fari ya rasa ta inda zai fara. A ganina, wanda ya haɗa ɗan wasansa da kansa, ko da bai yi kyau ba, ya fi wanda ya cinye wasan wani. Kuma tubala ba wurin zama ba ne. Wasanni irin su CodeCombat suna sa a rubuta Python ko JavaScript na gaske kafin jarumin ya motsa, gada ce mai kyau zuwa mataki na gaba.

Rashin wuta ko tsadar data ba sa hana farawa. Ana iya sauke Scratch a yi aiki da shi babu intanet. Tim Bell na jami'ar Canterbury a New Zealand da abokan aikinsa ma sun tsara darussan CS Unplugged da ba sa bukatar na'ura sam. Malami zai iya zana gidaje da alli a tsakar aji, ɗalibi ɗaya ya zama kunkuru, sauran su rubuta masa umarni a takarda, shi kuma ya bi abin da suka rubuta kaɗai ko da zai kai shi jikin bango.