Bayani a kan Babin Falas: Hukuncin Wanda Bashi Ya Rinjayi Dukiyarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, Allah Ya fahimtar da mu da kai, wannan babi da muka iso gare shi cikin rubutun ajamin nan ya zo a taƙaice ƙwarai, shi ya sa muka ga ya kamata a shimfiɗa masa bayani. Almajirai da yawa suna ratsa shi da gaggawa suna zaton aikin alƙalai ne kaɗai, alhali a ƙasarmu ta Adar da kwarin Tarka, daga Madawa zuwa Buza da Keita, wanda bashi ya kama wurin malamin garinsu yake fara zuwa kafin ya je ƙofar sarki. In malamin bai san babin ba, ko dai ya danne haƙƙin mai bin bashi da sunan tausayi, ko ya bari a tsiraita wanda ake bi da sunan gaskiya.

Ma'anar kalmar

Falas daga fulusu aka ciro ta, wato ƙananan kuɗin tagulla, kamar a ce mutum ya sauko daga dinari da dirhami ya koma ga anini. Taflisi kuwa shi ne alƙali ya hukunta cire dukiyar mutum daga hannunsa a bai wa masu binsa bashi, domin ya kasa biyan abin da ke kansa. Da Hausa mukan ce arzikinsa ya karye. Akwai bambanci tsakanin mutum uku: mai hali da ke jan rai, wanda hadisin Bukhari da Muslim ya kira jinkirinsa zalunci, da wanda yake da dukiya amma ba ta kai bashin ba, shi ne mai wannan babi, da wanda ba shi da komai, wanda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a saurara masa har ya samu sauƙi.

Asalin babin

An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Mu'azu ɗan Jabal taɓa dukiyarsa, ya sayar da ita saboda bashin da ke kansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka karayar arziki ba aibi ba ce ga addinin mutum. Muslim ya fitar daga Abu Sa'idil Khudri labarin wani da ya sayi 'ya'yan itace suka lalace, bashi ya yi masa yawa. Aka umurci jama'a su yi masa sadaka, abin da aka tara bai kai ba, sai aka ce wa masu bashin su karɓi abin da suka samu. Imamu Malik kuma ya kawo cikin Muwaɗɗa labarin Usaifi'u na ƙabilar Juhaina, wanda yake sayen raƙuma da tsada don ya riga alhazai isowa, har ya karye. Sayyidina Umar ya yi shela cewa duk mai binsa ya zo da safe a raba musu dukiyarsa. A kan waɗannan ne Ibnu Abi Zaid (ya rasu 386 Hijira) ya gina abin da ya faɗa a Risala, Shaihu Khalil kuma ya faɗaɗa shi a Mukhtasar.

Hali uku na wanda ake bi

Na farko, bashi ya kewaye dukiyarsa amma ba a kai shi ƙara ba. A wannan hali saye da sayarwarsa suna nan, amma masu bashi suna da ikon hana shi kyauta da sadaka ta ganin dama, da biyan wani kafin lokacinsa, da miƙa duk abin hannunsa ga mutum ɗaya. Haka in ya ce matarsa ko ɗansa na binsa bashi, ba a karɓar wannan iƙirari don akwai tuhuma a ciki. Suna kuma iya hana shi tafiyar da wa'adin bashin zai cika yana can, sai in ya bar wakili mai biya ko mai lamuni. Wannan mas'ala ta shafi 'yan ci-rani masu zuwa Abijan ko Libiya ko Najeriya: tafiyar neman abin biya abin yabo ce, amma a yi ta da sanin mai haƙƙi.

Na biyu, masu bashi su taso masa su tsaya tsakaninsa da dukiyarsa. Na uku, alƙali ya yanke hukunci. Ba a yanke shi sai da sharuɗɗa: mai bashi, ko da ɗaya ne, ya nema, wa'adin bashin ya riga ya cika, bashin kuma ya fi dukiyar, ko abin da zai rage ba zai biya bashin da ke tafe ba.

Abin da ke biyo bayan hukunci

Da zarar an hukunta, ba shi da ikon sarrafa dukiyar da ke hannunsa, kuma duk bashin da aka sa wa lokaci ya zama na yanzu, kamar yadda yake zama in mutum ya mutu. Sai a sayar da kayansa a gabansa, da zaɓin kwana uku ko wani zai ƙara farashi. Abin da ke saurin lalacewa, irin albasar da ta fara ruɓewa a rudu, ba a jinkirta shi. Dabbobi a gaggauta da su don cinsu yana rage dukiyar. Gida da gona da garka kuwa a dakata kamar wata biyu ana cigiyar mai saye, kada a karyar da su. Littattafai ma ana sayarwa, ko da na fiƙihu ne, to almajiri ya kiyaye. Game da kayan sana'a, kamar uwar maƙera ko keken ɗinki, malaman mazhaba na baya sun yi taraddudi. Abin da ya fi kusa da maslaha shi ne a bar masa in yana bukatarsu kuma kuɗinsu kaɗan ne, domin da su zai ci, da su zai biya.

Ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyar da su ya wajaba a kansa har lokacin da ake zaton zai samu, da tufafin da aka saba ga kowannensu. Ba a kwashe rumbu a bar yara da yunwa a tsakiyar bazara. Ba a kuma tilasta shi ya ci wani bashin ko ya karɓi kyautar wani don ya biya.

Yadda ake rabo

Rabo gwargwadon bashi ne, wanda ya riga zuwa bai fi na baya ba. Ga misali. Wani mai sayen albasa yana kai wa Abijan, kaya suka ruɓe a hanya. Na farko yana binsa jikka 600, na biyu jikka 300, na uku ya sayar masa da injin ban ruwa jikka 100 bai karɓi ko dala ba, injin kuma yana nan yadda yake. Sauran kayansa aka sayar jikka 360.

Mai injin yana da zaɓi: ya ɗauki injinsa, ko ya shiga rabo, sai fa in sauran sun biya shi kuɗinsa sun riƙe injin. In ya ɗauka, a raba 360 a kan 900: na farko 240, na biyu 120. Amma da mutumin mutuwa ya yi, a wurin Malik mai injin daidai yake da saura. Sai a sayar da injin, a ce jikka 90, jimla ta zama 450 a kan 1000: na farko 270, na biyu 135, na uku 45. Hikimar bambancin ita ce mai rai wuyansa yana nan, saura za su iya binsa gaba, mamaci kuwa ba su da wata madogara sai abin da ya bari.

Mai riƙe da jingina ya fi kowa haƙƙi a kanta, in ya karɓe ta a hannu kafin karayar. Matar aure tana shiga rabo da sadakinta da ba a biya ba.

Tanbihi: kafin rabo a tace basussukan. Buhun gero a lokacin shuka a kan buhu biyu da kaka riba ce, ba a lissafa sai uwar, kamar yadda aya ta 279 ta Baƙara ta nuna. Amma ba da kuɗi hannu a kan tiya sananniya zuwa lokaci sananne salam ne, ya halatta. Wanda ya ba da rance ya karɓi gona jingina yana nomawa yana ci, wannan rance ne da ya jawo amfani, mazhaba ta hana.

Ɗauri da rantsuwa

Wanda ba a san halinsa ba ana iya tsare shi har a gane gaskiyarsa, sai in ya kawo mai tsaya masa. Wanda aka san ya ɓoye dukiya a tsananta masa. Wanda shaidu suka ce ba su san masa dukiya a fili ko a ɓoye ba, ya rantse a kan haka, ya ƙara da cewa in ya samu zai biya, sai a sake shi a saurara masa. Ba a ɗaure uba ko uwa saboda bashin ɗansu.

Dokar ƙasa

A Nijar sarakunan gargajiya suna da ikon sasanta mutane, a rubuta takardar sulhu, kuma yawancin irin wannan rigima nan take ƙarewa. Ga 'yan kasuwa akwai dokar OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 wadda Nijar ke cikinta. Dokarta a kan wanda ya kasa biya an yi ta a 1998, aka sabunta ta a 2015. Ta tanadi sulhu tun kafin karaya, da farfaɗo da sana'a a ƙarƙashin kotu, da sayar da dukiya a raba, ta kuma ɗora wa wanda ya daina iya biya ya sanar da kotu cikin kwana 30. A Amurka kuwa mutum yana iya kai kansa kotu, a sayar da abin da doka ta yarda, sa'an nan a shafe yawancin abin da ya rage.

To a nan ne ɗalibi zai tsaya da kyau. Taflisi a shari'a yana ɗauke wa mutum matsin masu bashi, amma ragowar tana nan a wuyansa har ya biya ko mai haƙƙi ya yafe. Mutumin misalinmu, na farko yana binsa sauran jikka 360 ko bayan shekara ashirin ne. Muslim ya ruwaito cewa shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. Wanda kotun wata ƙasa ta wanke, ya nemi yafewar masu haƙƙi, ko ya ƙulla niyyar biya in Allah Ya buɗa masa.

Abin da ke kan jama'a

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa masu bashi cikin kashi takwas na zakka. Ana ba wanda ya ci bashin ba don ɓarna ba, ko ya tuba daga ita, bayan ya miƙa abin da ke hannunsa. Amma mai bin matalauci ba ya cewa na lissafa bashin cikin zakkata, wannan ba ya isar masa. Attajiran Tamaske da Madawa da sauran kasuwanninmu su tuna da wannan kashi in shekara ta zagayo, domin a shekarun fari irin 1984 da 2005 bashin abinci ne ya raba gidaje da yawa da dabbobinsu da gonakinsu.

Malamin da aka kawo wa irin wannan, ya tara masu bashin wuri ɗaya, ya rubuta abin da ke kan mutum da abin da ya mallaka, da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta koyar, ya fitar da riba, ya ware abincin iyali, ya raba saura da lissafi, sa'an nan ya kwaɗaitar da su ga yafewa ba tare da tilas ba. Abin da ya gagara sulhu a miƙa shi ga mai iko, don taflisi na hukunci ba ya tabbata sai daga alƙali.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya tsare mu da cin haƙƙin bayinSa. Allah ne Mafi sani.